Ranar da manganis ya yi mini zane a goshi

Na shekara da shekaru ina yi wa ɗalibai wa'azin safar hannu, amma ranar da zan nuna musu gwajin permanganet sai na ce ai ni na wuce wannan.

Na narka giram 3.16 na KMnO₄, wato sinadarin permanganet, a lita ɗaya ta ruwa, ya ba ni mola 0.02 (ma'aunin yawan sinadari a lita), shunayya mai duhu. Na cika buret da shi, wato dogon bututun gilashi mai awo da ke sakin ruwa ɗigo-ɗigo, na auna mililita 25 na ruwan ƙarfe (Fe²⁺) mai mola 0.1 a kwalba. Lissafin ba wuya: permanganet ɗaya yana karɓar elektiron 5 daga ƙarfe biyar, manganis ɗin da ke cikinsa ya sauko daga matakin +7 zuwa +2, launi ya ɓace. Idan an ɗiga mililita 25 na permanganet a kwalbar, ɗigo ɗaya zai bar ruwan hoda-hoda. Na yi musu alkawarin haka da babbar murya.

Ruwan ya koma kamar na kududdufi. Ashe na manta mililita 20 na asid ɗin salfurik, ga shi can a gefe yana kallona. In babu isasshen asid, manganis ba ya ƙarasawa +2, sai ya tsaya a +4, wato MnO₂, gari mai ruwan ƙasa da ba ya narkewa. Wani ɗalibi ya miƙo HCl, wani asid mai kuloraid, don ya cece ni, na hana shi, domin permanganet zai mai da kuloraid iskar kulorin, mu rasa lissafi da numfashi gaba ɗaya.

Duk wannan bakin buret yana yoyo a yatsuna, ni kuwa ina ta share gumi. Fata ma tana ba permanganet elektiron, kuma a +4 ɗin nan yake tsayawa. Sai na ga aji ya yi tsit, kafaɗu suna rawa.

"Malam, ka duba madubi."

Layi uku a goshi, ɗaya a ƙarƙashin hanci. Sabulu ya ƙare, zanen bai motsa ba. Sai da na daka ƙwayar bitamin C a ruwa na goga, ta mai da shi Mn²⁺, wato manganis a +2, ya wanku.

A jarrabawa na tambayi launin manganis a +4. Wata ɗaliba ta rubuta: "Irin na goshin Malam." Na ba ta makinta cif.