Musun kyauta ake yi, ba a tambayi yaran ba

Duk watan Nuwamba, da an sanar da littafin yara na Larabci da ya ci kyauta a baje kolin littattafai na Sharja, a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai majalisarmu a nan Jidda ta kaure da musu. Wannan ya ce alƙalai sun yi son kai, wancan ya ce an fifita marubutan wata ƙasa. Rannan wani dattijo har da rantsuwa, wai littafin bai cancanta ba. Na ce, "Baba Alhaji, kun karanta shi kuwa?" Ya ce a'a, a waya ya ji. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tun 2009 ake ba da kyautar nan, ga kuma ta Sheikh Zayed a Abu Dhabi, wadda wanda ya ci rukunin littattafan yara ke samun dirhami 750,000. Amma ban taɓa jin ɗayanmu ya zaunar da ɗansa ya tambaye shi ko labarin ya yi masa daɗi ba.

Ni na saya wa 'yata ɗaya daga cikin masu tambarin kyautar, da tsadarsa. Shafi uku ta karanta ta ajiye, Larabcin ya yi mata tsauri. Da dare sai ga ta a gindin kakarta tana roƙon tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Yaranmu haifaffun nan Hausarsu sai zubewa take yi, na kuma zaga kantunan unguwarmu kaf ban samo mata littafin yara ko guda na Hausa ba. A majalisa na faɗi haka, aka yi shiru, aka koma kan alƙalai.