Katifa ta baya ce, ba ta 'yan ganin ɗaki ba

Makon jiya na raka Gwaggona babbar kasuwar Katsina sayen katifar auren autarta. Tun muna cikin Keke Napep, kafin mu wuce Ƙofar Ƙaura, ta riga ta yanke hukunci: inci 20 take so, don ta ɗiyar maƙwabciyarta inci 18 ce.

Na ce, "Gwaggo, angon nan fa ƙato ne, ya doshi kilo 100. A duba mai ƙarfi."

Ta ce, "Kai ɗan nan, rufe mini baki. 'Yan ganin ɗaki da sikeli za su zo?"

Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Kashi ɗaya cikin uku na rayuwar mutum a kwance yake ƙarewa, mu kuwa tsayin katifa muke saye, kamar masu gina katanga.

Kauri daban, ingancin soso daban. Abin da masu shago ke kira densiti shi ne yadda soson ya cushe, kuma shi ke nuna nauyin da zai jure. Sai ka ga katifa tuli guda, ka ɗaga gefenta da hannu ɗaya kamar buhun auduga. Irin wannan, mai jiki ya kwana a kanta wata shida, ta yi rami a tsakiya, miji da mata su riƙa gangarowa kamar ruwa a kwari. Siririn mutum kuma a ɗora shi kan mai tauri, ya tashi kafaɗa da ƙugu na ciwo, tunda nauyinsa bai isa ya lotsa ta ba.

Ga kuma yadda kake kwanciya. Yawancinmu da gefen dama muke barci, bin sunna. Mai kwanciyar gefe na buƙatar saman katifa ya ɗan karɓi kafaɗarsa da ƙugunsa, ƙashin baya ya miƙe. Mai rigingine ya fi son ɗan tauri. Ka kwanta a shagon minti 10, ka zura hannu ƙarƙashin gadon bayanka: in ya shige sakayau, ta yi tauri, in ya ƙi shiga, ta yi laushi. Na san kunya ce ke hana mu, wai kada a ga babban mutum ya miƙe a kasuwa. Takalmin dubu biyar ma ai sai mun gwada.

Masu cewa mai ciwon baya sai katifa kamar dutse, a 2003 an gwada mutum 313 masu ciwon baya a Sifen, waɗanda suka kwana kan matsakaiciya suka fi samun sauƙi a kan masu mai tauri sosai.

Sannan don Allah a cire ledar nan. A zafin Afrilu na Katsina, ma'auni ya haura 40, ba wuta, soso na riƙe zafi, ka ƙara masa leda wai kada ta tsufa. Kakanninmu da katifar rimi ba su sha wannan gumin ba.

Gwaggo dai inci 20 ɗinta ta saya. Abin da na iya kawai, na lallaɓa mai shagon ya fito da mai nauyin cikinsu, na cika kuɗin daga aljihuna. Sai da ƙarti uku suka ɗora ta a mota.