Dodon da ba a rubuta ba

Bayan la'asar ne a wata fada a Zango, shayi yana kan wuta. Ɗan Lakwal ya dawo hutu daga Yamai da kaye guda da ɗan lido mai fuska 20, ya ce sai ya koya wa dattawa wasan Dungeons & Dragons, wanda aka fara a Amurka a 1974. Shi ke ba da labari, su ke shiga ciki. A wasan ana rubuta wa mutum ko dodo lambar rai, sara na rage ta, in ta ƙare ya faɗi.

Ɗan Lakwal: Kun fito ta bayan ganuwar Birni, dare ya yi. Sai ga Dodo, kansa ya rufe wata.

Alhaji: Lambar ransa nawa?

Ɗan Lakwal: Ba shi da ita, Alhaji.

Alhaji: Kai yaro! Ɗazu ɗan aljanin nan ka ce 7 ne, Babarbare ya sare shi sau ɗaya ya faɗi. Ni ka rubuta mini 12. Wannan kuma ya zo ba farashi?

Malam: Tsaya tukuna. Har yanzu ban gamsu ba caca ba ce.

Ɗan Lakwal: Allah gafarta Malam, ko dala ba a ajiye ba.

Malam: To jefa.

Alhaji: Ba mai jefa komi sai na ji lamba. Shekara 30 ina Kasuwar Dole, ban taɓa tayin buhu ban san mudu nawa ke ciki ba.

Ɗan Lakwal: To ji. A littafin dodanni na 2014 akwai wani ƙato, Taraski. An rubuta masa 676. Takobin da ba asiri a jikinsa ba ya cin fatarsa.

Alhaji: Yana tashi sama?

Ɗan Lakwal: A'a.

Alhaji: Yana jifa?

Ɗan Lakwal: Ba a rubuta masa ba.

Alhaji: Madalla. A nemo boka ya ɗaga ni sama, a ba ni baka mai asiri. Kibiya ɗaya ta ci 6, kibiya 113 ke nan an gama. Waɗanda suka kuskure in sa su cikin asara. Fatar kuma a kai wa dukawa.

Ɗan Lakwal: Kun ji ko? Haka 'yan wasa suka yi ta yi masa. Tun 1980 aka buga littafin da ya sa wa gumakan Girkawa lambobi, yara suka koma farautarsu.

Malam: Gunki dama abin fasawa ne.

Bafulatani: Yaron nan yana da hankali. Abin da aka ƙirga ya shiga hannun mutane. Kakana bai taɓa faɗin yawan shanunsa ba. Ranar da aka rubuta su a takarda, ranar jangali ya same shi.

Babarbare: Ji bawana! To kai naka nawa ne?

Bafulatani: Suna gaishe ka.

Malam: Amma ni ina da magana. Alƙalin da ba littafi a gabansa, abin da ransa ke so shi yake yankewa. In Dodo ba lamba, yau ka ga dama ya cinye mu, gobe ka ga dama ya yi mana rakiya. Ina adalci?

Ɗan Lakwal: Shi ya sa na yi muku ishara tun farko. Na ce kun ga ƙasusuwan raƙuma, na ce tsuntsaye sun yi tsit, na ce wani tsoho ya roƙe ku ku juya.

Babarbare: Tsohon da Alhaji ya tsaya sayar wa goro?

Alhaji: Ya saya kuwa.

Ɗan Lakwal: Kuma akwai lamba, ba ta kashe shi ba ce dai. Wanda ya jefa 12 ko sama ya tsere. Wanda ya samu 15 ya fita har da kayansa.

Babarbare: Mu jikokin Borno ba mu gudu. Miƙo ɗan lidon, saransa zan yi.

Ya jefa. Abin ya gangara har gindin butar shayi.

Babarbare: 20! Ku duba da idonku!

Ɗan Lakwal: Sara mai kyau, Baba. Takobinka ya sauka daidai kan farcensa. Dodo ya duba ƙasa, ya yaba, ya haɗiye ka.

Babarbare: To me 20 ɗin ta amfana mini?

Ɗan Lakwal: Bai tauna ba.

Alhaji: Ni na jefa 14. Kayana fa?

Ɗan Lakwal: Ka tsira, buhunan sun zauna.

Alhaji: To in koma mu yi ciniki. Tambaye shi, jikka nawa zai karɓa ya bar mini rabi?

Malam: Ni tun da aka ambaci ƙasusuwa na juya, yaron ne bai rubuta ba.

Babarbare: Kai kuma bawana, kana ina aka haɗiye ubangidanka?

Bafulatani: Na kora shanuna ta wata hanya.

Babarbare: Su nawa ka kora? Yau sai ka faɗa, ko cikin wasa ne!

Bafulatani: Jefa ɗan lidon. In ka sake samun 20 in faɗa maka.

Babarbare ya miƙa hannu.

Ɗan Lakwal: Baba, kana cikin Dodo. Ba ka da jifa.