Ɗan Gari da Baƙon Giwa

Kawuna ya zo daga Giwa sayen shaddar bikin ɗiyarsa, ni kuwa ban daɗe da dawowa Kaduna ba bayan shekarun da na yi ina aiki a Fatakwal. Da na ɗauko shi a tashar Kawo ya ce a nemo masa wanda ya san hanyar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, sai na buga ƙirji na ce, "Haba Kawu, a Unguwar Kanawa aka yanke mini cibiya, ko an ɗaure mini ido zan kai ka."

Ban sa aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 cikin lissafina ba. Sabuwar gadar Kawo, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a watan Janairun 2022, ita ta fara karya mini lago, domin na bi hannun da zuciyata ta kwanta da shi, sai ga mu mun doshi Mando. Na ce wa Kawu ina nuna masa gari ne, ya ce ya gode.

Da ƙyar muka dawo kan titin Ali Akilu. Titunan sun yi faɗi, sun yi kyau, wannan ba a musu, amma mutumin da ya haddace gari da bishiyar mangwaro da teburin mai shayi, ina amfanin faɗin titi gare shi idan an sare bishiyar, an dasa benen gilashi a gurbin teburin? A Leventis kuwa, inda na san shataletale kawai, na yi ta kewaye har titi ya nutse da mu ƙarƙashin ƙasa. Kawu ya damƙe carbinsa yana salati, ya ce, "Ɗan nan, shadda na ce, ba likkafani ba."

Muna fitowa na tsayar da wani mai Keke Napep don in yi tambaya a asirce. Yaron ya leƙo, ya durƙusa ya gaida Kawu, ashe ɗan maƙwabcinsa ne a Giwa, bara waccan ya shigo birni. Kawu ya tattara babbar rigarsa ya koma cikin keken, ya ce wa yaron ya riƙa tafiya a hankali, kada ɗan gari ya sake ɓacewa a bayansu. Kuɗin keken ma ni na biya.