Takardar kwamfuta ba ta rage kuɗin wuta

Tun da hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga farashin wutar lantarki na rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, maganar gini mai tsimin makamashi ta shiga bakin masu gina ofisoshi da dillalansu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne irin hujjar da ake kafawa: a nuna maka dogon bene da aka lulluɓe da gilashi tun daga ƙasa har sama, a tsakiyar zafin Abuja, sannan a ce lissafin kwamfuta ya tabbatar da cewa ginin ba ya cin wuta da yawa.

Wannan hujja tana da tushe a ƙa'ida, kuma nan ne matsalar take. Kundin tsimin makamashi a gine-gine da Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta ƙaddamar a 2017, lokacin minista Babatunde Fashola, da taimakon hukumar GIZ ta Jamus, ya ba mai gini hanyoyi biyu. Ta farko a fili take: kada tagogi su wuce kashi 20 cikin 100 na bango sai an yi musu inuwa, a sa abin da zai tare zafi a rufi, a taƙaita ƙarfin fitilu, a sayi na'urar sanyaya ɗaki mai inganci. Ta biyu kuwa ta yarda a kauce wa waɗannan sharuɗɗa, muddin manhajar lissafin makamashi ta nuna cewa ginin ba zai fi wani gini na misali, wanda ya cika su, cin wuta ba. Tsari ne da ya daɗe a Amurka cikin ma'aunin tsimin makamashi a gine-gine mai suna ASHRAE 90.1, kuma Birtaniya ma tana da irinsa.

A lura da abin da ake aunawa. Ba a tambayi yunit nawa ginin zai sha a shekara ba. An kwatanta shi ne da wani tagwayensa wanda ba a taɓa aza masa bulo ko ɗaya ba. Wanda ke shigar da bayanai a manhaja, ko EnergyPlus ce ko wata, shi ne yake faɗa mata ƙarfe nawa ake buɗe ofis, mutum nawa ke ciki, da awon sanyin da za a ajiye na'ura a kai, kuma mai ginin ne yake biyansa. A cikin kwamfuta ƙurar hunturu ba ta toshe matatar na'urar sanyi, ba a barin ƙofa a buɗe, ɗan kwangila ba ya musanya gilashin da aka rubuta da mai arha, kuma ba a ɗauke wuta balle janareta ya kwana yana shan dizal. Da irin waɗannan zato, injiniya mai wayo zai iya sa kusan kowane zane ya tsallake, ta hanyar ɗora wa fitilu da na'urori nauyin gyara ɓarnar da gilashi ya yi. Fitila da na'ura suna lalacewa a sauya su cikin 'yan shekaru, amma bangon gilashi yana nan har ƙarshen rayuwar ginin.

Ko a ƙasashen da suka fi mu sa ido, lissafin bai cika yin daidai da mita ba. Binciken da hukumar Innovate UK ta Birtaniya ta fitar a 2016 kan gine-gine kusan 50 waɗanda ba na zama ba ya gano cewa hayaƙi mai ɗumama yanayi da amfani da makamashinsu ke jawowa ya ninka abin da aka ƙiyasta lokacin zane sau 3.8 a matsakaici. Wani ɓangare na giɓin ya samo asali ne daga yadda lissafin neman izini ba ya ƙirga duk abin da ake jonawa a soket. Idan haka ta faru a Birtaniya, me ake tsammani a wurin da jami'in da ke sa hannu kan izinin gini bai taɓa buɗe irin wannan manhaja ba, kuma ba shi da hanyar gane ko an yi masa wasa da alƙaluma?

Masu kare tsarin suna cewa yana ba mai zane 'yancin ƙirƙira. 'Yancin da muke gani dai shi ne na kwaikwayon benayen Dubai a bar ɗan haya da kuɗin dizal. Manhaja kayan aiki ce mai kyau wajen zaɓar inda gini zai fuskanta da girman tagoginsa, amma mayar da ita shaidar ƙarshe ganganci ne.

Ostareliya ta gane haka da daɗewa, inda tsarin NABERS ke ba ofisoshi taurari bisa wutar da suka sha a zahiri cikin shekara guda. Birnin New York, da dokarsa mai lamba 97 ta 2019, yana cin manyan gine-gine tarar dala 268 kan kowane tan na hayaƙin da ya haura iyaka. Hukumomin tsara birane a Abuja, Kano da Kaduna ba sa buƙatar fara da tara. Su tilasta sharaɗin tagogi da inuwa da rufi a kan kowa ba tare da kafar kaucewa ba, sannan duk wanda ya zo da lissafin kwamfuta a nemi ya dawo bayan shekara guda da takardun kuɗin wuta da rasit na dizal.