"Madam ko Madmazel?" Tambayar da ba a yi wa namiji

Kwanakin baya na raka wata 'yar'uwata wani ofis a Maraɗi ta cika takarda. Shekarunta arba'in da 'yan kai, malamar asibiti ce, ba ta taɓa aure ba. Ma'aikacin ya ɗago ido, biro a hannu: "Madam ko Madmazel?" Mutane cike da benci, kowa ya kasa kunne. Ta amsa ƙasa-ƙasa. Da aka zo kaina, "Mushe" kawai ya rubuta, wato Monsieur, laƙabin kowane namiji, bai tambayi ko ina da mata ba.

Kalmar Faransanci Mademoiselle, wato Madmazel, wadda ake taƙaitawa Mlle, laƙabi ce ta macen da ba ta yi aure ba. Amma ba haka ta faro ba. A da can daraja take nunawa: matar aure ma, in ba ta kai matsayin manyan gidaje ba, Mademoiselle ake ce mata. Daga baya ne ta koma ma'aunin aure. Takwararta ta maza kuwa, damoiseau, ta daɗe da fita daga bakin mutane, ba wanda ya yi mata zaman makoki.

Su masu harshen sun ga wannan bambanci. Bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin mata, musamman Osez le féminisme da Chiennes de garde, firaminista François Fillon ya ba da umarni a watan Fabrairun 2012 cewa a cire kalmar daga takardun gwamnatin Faransa, a bar Madame ga kowace mace. Jamus ta riga su, tun 1972 ta sallami Fräulein, takwarar kalmar a Jamusanci.

Ni dai ina ganin sun yi daidai. Me ya haɗa takardar neman lasisi ko buɗe asusun banki da ɗaurin aure? In hukuma na da bukatar sani, saboda gado ko haraji, akwai gurbin tambayar, kuma namiji da mace duk za su amsa.

Masu ja suna cewa kalmar tana da daɗi, wata ma har murna take yi in an kira ta da ita, ta ji kamar an rage mata shekaru. Gaskiya ne. Coco Chanel, shahararriyar mai tsara tufafi ta Faransa, har ta rasu a 1971 ma'aikatanta Mademoiselle suke ce mata, don girmamawa. To ai ba a hana kowa faɗa ba, daga takarda kawai aka cire. Wadda ke so ta ci gaba da amsawa.

Abin da ke ba ni dariya, mu da muka ari tambayar muna da maganinta a gida. Budurwa Malama ce, matar aure Malama, bazawara ma Malama. Ba wai mun fi kowa kame baki ba ne, gorin "har yanzu shiru?" a gidan biki ya fi na ofis zafi. Da muka fito, 'yar'uwar tawa ta ce marasa lafiyarta shekara ashirin ke nan suna ce mata Malama, ba wanda ya taɓa tsayawa tambaya kafin ya miƙo hannu a yi masa allura.