Taron ƙara wa juna sani ba na ɗalibai kaɗai ba ne

A yawancin jami'o'inmu, idan aka ce yau akwai taron ƙara wa juna sani a sashen lissafi ko fiziks ko injiniyanci, abin da ake nufi shi ne wani ɗalibin digiri na biyu ko na uku zai tsaya gaban malamai ya kare aikinsa. Za a yi masa gyare-gyare, a sa hannu, a sha lemo, a watse. Wannan yana da amfaninsa, amma jarrabawa ce. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne zaman mako-mako inda malami da kansa, ko da farfesa ne, zai ɗauki alli ya baje binciken da bai kammala ba, ya bar na ƙasa da shi su nemo inda lissafin ya karkace.

Da irin wannan zama ne waɗannan fannoni suka bunƙasa a wasu ƙasashe. Masanin lissafi Israel Gelfand ya fara nasa a Mosko a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya kuma riƙe shi sama da shekara 40, ana katse mai jawabi da tambaya har sai kowa ya gane, ko da yake zafin da aka san Gelfand da shi ba abin koyi ba ne. Masanin lissafi Andrew Wiles kuwa, bayan ya gabatar da hujjarsa kan matsalar Fermat, wadda ta gagari masana lissafi shekaru aru-aru, a Kambirij a 1993, masu tantancewa sun gano giɓi a cikinta, bai toshe shi ba sai a 1994. Idan mutum irin wannan yana buƙatar idon wani, babu malaminmu da ya wuce a duba masa aiki.

Bauchi da Gombe ba su rasa masana ba. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa an kafa ta ne a 1980 domin fasaha, ga Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, ga ta Tarayya da ke Kashere tun 2011, kuma duk tafiyar 'yan sa'o'i ce tsakaninsu. Abin tattaunawa ma yana bakin ƙofa: tashar lantarki mai megawat 40 a Dadin Kowa, madatsar Gubi da garin Bauchi ke sha daga gare ta, kwazazzabai masu cin unguwannin Gombe duk damina, da rijiyoyin man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022. Injiniyan da ke aiki a waɗannan wurare yana da alƙaluman da ya auna da hannunsa, malamin lissafi kuma yana da dabarun da za su fassara su, amma da wuya ka gan su a ɗaki guda.

Za a ce malamai sun yi wa aiki kaɗan, azuzuwa sun cika, ga yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022. Gaskiya ne. Sai dai wannan zama ba ya jiran kuɗin TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, domin ɗaki da allo da sa'a guda kawai yake buƙata, kuma sabbin maƙalu na fiziks da lissafi suna nan kyauta a arXiv, rumbun intanet da aka buɗe a 1991. A ganina cikas biyu ne na gaske. Ƙarin girma yana bin yawan maƙalun da aka buga, don haka ba wanda ke ganin ribar zama ya saurari aikin wani. Sannan tarbiyyarmu ta girmama na gaba takan sa ƙaramin malami ya ga kuskure a allo ya sunkuyar da kai.

Maganin na biyun yana hannun manya. Shugaban sashe ya fara gabatar da nasa aikin a makon farko na zango, ya kuma ba ɗalibai damar tambaya kafin farfesoshi su ce uffan. Na farkon kuwa na majalisar jami'a ne: ta sa gabatarwa a gaban sashe cikin abubuwan da ake dubawa wajen ƙarin girma, sassan jami'o'in uku kuma su riƙa musayar mai jawabi ko da sau ɗaya ne a wata.